Yadda Ake Neman Taimako a Word da LibreOffice da Kibod Kaɗai

Kawuna ya yi shekaru masu yawa yana buga tafireta a ofis kafin ya yi ritaya, kuma har yau shi ne sakataren kwamitin masallacin unguwarmu a nan Katsina. Duk wasiƙar da za a kai wa mai unguwa, duk lissafin gudummawar gyaran rufi, ta hannunsa suke bi. Yatsunsa sun san mazaunin kowane harafi ko da ido a rufe. Abin da ya gagare shi tun da ganinsa ya fara raguwa shi ne 'yar kibiyar nan ta maus. Wata rana da hantsi ya shigo shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura, laftof a hammata, ya zauna kan benci ya ce: "Ɗana, wanga abu ya ishe ni. In na motsa shi ya ɓace, in na gano shi hannuna ya goce. Jiya tun bayan la'asar nike neman inda ake kwantar da takarda, har aka kira magariba ban samu ba."

Na ce, "Kawu, ai da ka kira ni."

Ya ce, "Sau nawa zan kira ka? Kai ma kana da masu jiranka."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Da na so, da na karɓi laftof ɗin na gyara masa cikin ƙiftawar ido, sai dai wani makon wata matsalar ce za ta taso. Abin da yake bukata shi ne hanyar da zai tambayi manhajar da kanta. Kowace manhajar ofis tana da sashen taimako a cikinta, wanda ake rubuta wa Help, amma yawancinmu da maus muka saba isa gare shi, wato da abin da ya gagari mutumin tun farko. Abin da zan kawo a nan shi ne hanyar da muka bi ni da shi cikin kusan mako uku. Za ta yi wa mai raunin gani amfani, da makaho, da mai rawar hannu, da wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki yake aiki da hannu ɗaya, har da wanda maus ɗinsa ya mutu ana tsakiyar aiki.

Mataki na farko: yatsa ya san hanya

Kada ka buɗe komai tukuna. Ɗora hannu a layin sama na kibod. A kibod ɗin tebur, Esc yana zaune shi kaɗai a kusurwar hagu, sai tazara, sai F1 zuwa F4 a jere, sai wata tazara, sai F5 zuwa F8, sai F9 zuwa F12. Ke nan F1 shi ne na farko bayan Esc, F6 kuma shi ne na biyu a rukuni na biyu. Waɗannan biyun su ne abokan tafiyarka. Tab yana hagu, kusa da harafin Q. A kan F da J akwai ɗan tudu da aka yi don yatsa ya gane wurinsa ba sai an duba ba.

A laftof maɓallan saman nan ƙanana ne, sau da yawa kuma a cushe suke babu tazara. Shawarata ita ce a sayi kibod na yau da kullum mai wayar USB a jona. In hakan bai samu ba, a yanki ɗan guntun filasta irin ta ciwo a manna a kan F1 da F6 da Tab. Tana da kaushi, yatsa yana jinta nan take. Kada alamun su wuce uku ko huɗu, don in suka yi yawa sun daina zama alama.

Sai kuma tarkon da ke kama mutane da yawa. Ka danna F1 a laftof, maimakon taimako ya buɗe sai ka ji sauti ya ɗauke, ko hasken sikirin ya sauya. Ba lalacewa ya yi ba, an ba maɓallan aiki biyu ne. Riƙe Fn, wanda ke ƙasa ta hagu kusa da Ctrl, sannan ka danna F1. A yawancin laftof na Dell da Lenovo, danna Fn da Esc tare yana juya tsarin, daga nan F1 ya koma F1 ɗinsa ba sai ka riƙe komai ba. Ka warware wannan tun yanzu, domin duk abin da ke gaba a kansa ya dogara.

Mataki na biyu: ina kake tsaye?

A nan na fi daɗewa da Kawu, kuma a nan nake ganin masu koyarwa suke yin gaggawa. Kibod ba ya magana da komai da komai a lokaci guda. A kowane lokaci abu ɗaya tak yake saurarensa. Mai maus ba ya lura da haka, domin duk inda ya nuna nan ne ke saurare. Mai kibod kuwa dole ya san inda yake tsaye kafin ya danna wani abu.

Na kwatanta masa da gida. Takardar da kake rubutu a kai ita ce tsakar gida. Jerin umarnin da ke sama, wanda ya zo tun Office 2007, ni rawani nake ce masa saboda a ka yake zaune. Akwai siririn layi a can ƙasa mai nuna shafi na nawa kake da yawan kalmomi. In ka buɗe taimako ko wani abu makamancinsa, sai a ƙara ɗaki a gefe. Sallamarka a inda kake tsaye kawai ake jinta.

F6 shi ke fitar da kai daga wannan sashe ya kai ka wancan. In ka ci gaba da dannawa zai zagaya da kai ya dawo da kai tsakar gida. Shift da F6 yana zagayawa ta baya. Da ka shiga sashe, Tab ke kai ka daga abu zuwa abu a cikinsa, Shift da Tab kuma ya mayar da kai baya. Kibiyoyi huɗu suna yawo cikin jeri. Enter yana zartarwa. Space, dogon maɓallin nan na ƙasa, yana sa alama ko cire ta a ɗan akwatin zaɓi. Esc kuwa ja da baya ne, taki ɗaya duk dannawa ɗaya.

Buɗe Word, ka rubuta layi ɗaya, ka danna F6 a hankali sau biyar ko shida kana lura da inda ɗan zoben haske yake sauka. Yi haka har sai ka iya faɗin inda za ka sauka kafin ka danna. Kawu ya yi kwana biyu a kan wannan kaɗai, ban kuwa bari mun wuce ba, domin wanda ya iya buɗe taimako bai iya dawowa takardarsa ba, wahala ya ƙara wa kansa.

Mataki na uku: F1 a Word

Kafin komai danna Ctrl da S. Halin wutarmu kowa ya sani, batirin tsohuwar laftof kuma ba abin dogaro ba ne.

Yanzu danna F1. A sababbin fitowar Office, irin Microsoft 365, taimakon yana buɗewa a gefen dama, cikin tagar Word ɗin kanta, da akwatin bincike a samansa. Daga intanet yake ɗauko bayanansa, saboda haka sai da data. A tsofaffi irin 2007 da 2010, waɗanda har yanzu suke cike da shagunan buga takardu, taga ce daban take buɗewa. Bambancin yana da muhimmanci wajen dawowa. In a gefe yake, F6 ne ke kai ka ya dawo da kai. In taga ce daban, Alt da Tab ne.

Gwada rubuta kalma. In ta bayyana a akwatin bincike, kana wurin da ya dace. In ba ta bayyana ko'ina ba, danna Tab har ka sauka a akwatin. In kuwa ta faɗa cikin takardarka, to ba ka bar tsakar gida ba: Ctrl da Z ya goge ta, sannan F6.

Me za ka rubuta? Da Turanci ake tambayar, kuma gajeriya ta fi. Kawu ɗan tsohuwar makaranta ne, Turancinsa ya fi nawa tsabta, sai ya riƙa rubuta cikakkiyar jimla kamar mai aika wa hakimi takarda. Na ce masa kalma ɗaya ko biyu sun isa. Kwantar da takarda, landscape. Faɗin gefen shafi, margins. Lambar shafi, page number. Jadawali, table. Na rubuta masa irin waɗannan guda goma sha biyu da babbar maka a bayan kwalin kalanda, Hausa a hagu Turanci a dama, ya rataye a ɗakinsa. Ka danna Enter, ka bi sakamakon da Tab, ka buɗe wanda kake so da Enter, ka sauka cikin bayanin da kibiyar ƙasa.

Ga wata dabara da ta fi duk sauran amfani a wurina. Yawancin shafukan taimako an rubuta su ne don mai maus: danna nan, ja can, ga hoto. Amma Microsoft yana da wasu shafuka na musamman da kanunsu ke farawa da "Use a screen reader to", waɗanda daga farko har ƙarshe da maɓallan kibod suke bayani. Don haka ƙara kalmomin screen reader, wato manhajar da ke karanta abin da ke sikirin da murya, a tambayarka. Maimakon table kawai, rubuta screen reader table. Ko da idonka garau ne, waɗannan shafukan su ne naka muddin ba ka taɓa maus.

In ka gama, ba dole ba ne ka rufe taimakon. Bar shi a buɗe, ka karanta mataki ɗaya, F6 ka je ka aikata, F6 ka dawo ka karanta na gaba. In kana son rufe na gefe, tsaya a cikinsa ka danna Ctrl da Space, wani ɗan jeri zai fito, ka zaɓi Close da kibiya, sai Enter. Taga daban kuma Alt da F4 ke rufe ta, amma ka tabbata a kanta kake, don in a Word kake tsaye shi zai rufe.

Mataki na huɗu: gajeriyar hanya

Sau da yawa ba karatu kake so ba, aikin kake so a yi. Tun Office 2016 akwai akwatin bincike a can sama wanda Alt da Q ke kai ka cikinsa. Rubuta sunan abin, jeri ya sauko, ka zaɓa da kibiyar ƙasa. Ga matsalar Kawu: Alt da Q, ya rubuta orientation, kibiyar ƙasa har ya sauka kan umarnin, kibiyar dama ta buɗe zaɓi biyu, ya sauka kan Landscape, Enter. Takarda ta kwanta.

Sai rawanin kansa. Danna Alt shi kaɗai ka saki. Ƙananan haruffa za su fito a kan kowane sashe: F na File, H na Home, N na Insert, P na Layout, R na Review, W na View. Ɗaya bayan ɗaya ake danna su, ba a riƙewa. Alt, sai P, sai O, ga ka a wurin kwantar da takarda. Alt, N, T yana buɗe jadawali. Alt, W, Q yana buɗe wurin ƙara girman shafi a ido. Ba sai ka haddace duka ba, haruffan suna fitowa duk lokacin da ka danna Alt, waɗanda kake yawan bi kuma yatsa zai riƙe su da kansa. Abin da maus ke samu da dannawar dama, Shift da F10 ke kawo shi. Tsarin haka yake a Excel da PowerPoint, sai dai wasu haruffan sun bambanta.

Bari in ɗan ratse, tunda da Hausa Kawu yake yawan rubutu. Haruffanmu masu ƙugiya ma ana samunsu ba tare da maus ba. Rubuta U+0199 ka danna Alt da X, ya koma ƙ. U+0257 shi ne ɗ, U+0253 shi ne ɓ. Manyansu: U+0198 Ƙ, U+018A Ɗ, U+0181 Ɓ. Yana aiki a Word, yana aiki a LibreOffice, wata manhajar ofis irin Word da za mu zo kanta yanzu. Wanda ke rubutu da yawa gara ya ƙara tsarin kibod na Hausa a Windows, ya riƙa sauyawa da maɓallin Windows da Space.

Mataki na biyar: LibreOffice, da ranar da babu data

LibreOffice kyauta ce, wata gidauniya mai mazauni a Jamus ce ke kula da ita tun da aka faro aikin a 2010. Abin da ya sa nake sa wa ɗalibaina ita shi ne ana iya sauke taimakonta gaba ɗaya a ajiye a kwamfuta. Fayil ne daban da na manhajar, a shafi ɗaya ake sauke su, sai a tabbata lambar fitowarsu ɗaya ce. Ka sauke sau ɗaya, ka zuba a filash, ka sa wa kwamfuta goma. Daga nan ko netwok ya tafi, F1 yana amsawa. Ga mai aiki a ƙauyukan da ke tsakanin Mashi da Daura, inda sabis ke zuwa yana tafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

F1 ɗinta yana lura da inda kake. In kana cikin akwatin buga takarda ka danna shi, bayanin wannan akwatin zai kawo maka kai tsaye. Don haka in ka rikice a wani wuri, kada ka fita tukuna, danna F1 a nan inda ka tsaya.

Tun fitowa ta 6.1 a 2018, a burauza taimakon yake buɗewa, ko da wanda ke ajiye a kwamfutarka ne. Ke nan maɓallan burauza za ka yi aiki da su. Tab yana bin mahaɗai. Space yana sauke shafi. Ctrl da F yana neman kalma a cikin shafin. Alt da kibiyar hagu yana mayar da kai shafin baya. Ctrl da alamar tarawa yana ƙara girman rubutu, Ctrl da 0 ya mayar da shi yadda yake. F7 yana sa maka tsinken rubutu a cikin shafin, ka riƙa bin layi layi da kibiya kamar a takardarka. Komawa aiki kuwa Alt da Tab.

A cikin manhajar kanta, F10 ke kai ka jerin menu na sama, F6 yana zagayawa kamar a Word, Ctrl da F6 kuma yana dawo da kai takarda kai tsaye duk inda ka shiga. Tun fitowa ta 7.2 a 2021, Shift da Esc yana buɗe akwatin neman umarni, kwatankwacin Alt da Q. Hattara da abu ɗaya: Shift da F1 a LibreOffice yana ba da ƙarin bayani kan abin da aka nuna, amma a Word tagar bayanin tsarin rubutu yake buɗewa.

Mai aiki da Google Docs: Ctrl da / yana kawo jerin gajerun hanyoyi, Alt da / yana neman umarni.

Mataki na shida: rage wa ido da hannu wahala

Maɓallin Windows da alamar tarawa yana kunna madubin ƙara girma. Ƙara dannawa, ya ƙara girma. Windows da alamar ɗebewa ya rage, Windows da Esc ya kashe. Yana kunne, Ctrl da Alt da I yana juya launi, fari ya koma baƙi. Kawu ya ce farin shafi yana kashe masa ido kamar ranar bazara a filin idi, da muka juya sai ya samu sauƙi. Windows da U yana buɗe wurin da duk waɗannan saituna suke.

Ga mai hannu ɗaya ko mai rawar hannu: danna Shift sau 5 a jere, ka amsa tambayar da ta fito. Daga nan ba sai ka riƙe maɓalli biyu tare ba, ka danna Ctrl ka saki, ka danna S. In kuma yatsa yana nauyi har harafi ɗaya yana fitowa sau da yawa, riƙe Shift na dama daƙiƙa 8, Windows zai daina kula da maimaicin da ba da niyya ba.

Mataki na bakwai: karatu da kunne

In ido ya gaza gaba ɗaya, ko ya gaji da yamma, sai a koma ga manhajar da ke karanta abin da ke sikirin da murya. Windows 10 da 11 suna da tasu, Narrator, wadda Ctrl da Windows da Enter ke kunnawa da kashewa. Akwai JAWS, ta kuɗi ce. Wadda na fi koyarwa ita ce NVDA, kyauta ce, wani makaho ɗan Ostareliya mai suna Michael Curran ya fara ta a 2006, shi da abokinsa James Teh, shi ma makaho, suka raine ta. Ana iya zuba ta a filash a tafi da ita, a jona a kowace kwamfuta ba sai an girka ba. Ɗalibi makaho a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman zai iya shiga ɗakin kwamfuta da muryarsa a aljihu.

In an girka ta, Ctrl da Alt da N ke tayar da ita. Tana da maɓallinta na umarni, wato Insert, kuma ana iya sa Caps Lock ya yi wannan aikin, abin da ya fi sauƙi a laftof. Abu na farko da za ka koya: Ctrl yana sa ta yi shiru. Na biyu: Insert da 1. Wannan yana sa ta cikin halin koyarwa, duk maɓallin da ka taɓa sai ta faɗi sunansa da aikinsa ba tare da ta aikata komai ba. Mutum zai iya shafe awa guda yana lalube kibod babu fargabar ɓata takarda. Sake danna Insert da 1 ka fita.

A shafin taimako, kada ka zauna tana karanto maka tun daga sama. Danna H ta tsallaka zuwa kanu na gaba, Shift da H ta koma na baya. K yana bin mahaɗai. Insert da F7 yana tattaro kanun shafin da mahaɗansa a jeri ɗaya ka zaɓa. In ka danna H ka ji ta rubuta harafin maimakon ta tsallaka, to tana halin rubutu ne, Insert da Space ya mayar da ita halin karatu. A Narrator, Caps Lock da Space ke yin wannan, H da K kuma aikinsu ɗaya ne.

Muryar Turanci ce, don haka taimakon tana karanta shi daidai, rubutun Hausa kuwa da lafazin Bature take furta shi, sai kunne ya saba. A rage mata sauri a makon farko, a kuma sa abin kunne in ana cikin mutane.

In ka ɓace

Za ka ɓace, kowa yana ɓacewa. Cire hannu daga kibod tukuna, domin danne-danne cikin ruɗu shi ke goge aiki. Danna Esc sau biyu. In kana da NVDA, Insert da T zai faɗa maka tagar da kake, Insert da Tab ya faɗi abin da kake tsaye a kai. In ba tagar da kake so ba ce, riƙe Alt kana danna Tab har ka ji sunan takardarka. In kana cikinta amma rubutu ba ya shiga, F6 har ka dawo. In wani abu ya sauya ba da saninka ba, Ctrl da Z.

Ga masu rubuta wa ma'aikata jagora

Taimako ba na cikin manhaja kaɗai ba ne. Ofisoshi da makarantu suna rubuta nasu bayanin, yadda ake cike fom, yadda ake shigar da sakamako. Sau da yawa sai a buga a takarda, a ɗauki hotonta da waya, a tura ta WhatsApp. Ga makaho wannan hoton shafi ne wayam, babu abin da muryar za ta karanta kai tsaye. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati gare su, an kuma kafa hukumar ƙasa mai kula da su a 2020. In za a ɗauki mutum aiki, ya kamata takardar da za ta koya masa aikin ta karantu gare shi.

Gyaran ba shi da wuya. Tura fayil ɗin kansa. Sa kanu na gaskiya, wato Ctrl da Alt da 1 a Word, ko Ctrl da 1 a LibreOffice, maimakon ƙara wa layi girma da kauri kawai, domin kanu na gaskiya ne H ke tsallakawa zuwa gare shi. Kowane hoto a rubuta masa gajeren bayani. Kada a ce "danna jan maɓallin can", a faɗi sunansa da maɓallan da ke kai wa gare shi. Kafin a tura, Alt da Q, a rubuta accessibility, Word zai duba ya nuna inda aka yi sake.

Yadda muka yi atisaye

Na zare maus ɗin Kawu na sa a aljihun tebur. Minti 20 kullum bayan azahar, aiki ɗaya tak: yau lambar shafi, gobe jadawali, jibi buga shafi na biyu kaɗai. Sharaɗin shi ne ba zan faɗa masa yadda ake yi ba, sai dai in ya ɓace in tambaye shi, "Kawu, ina kake tsaye?" Matasan da ke zuwa shagon koyon kwamfuta saboda JAMB su ma na sa su a layi, tunda jarrabawar kanta ana iya amsa ta da A, B, C, D, a ci gaba da N, a koma da P, ba a taɓa maus ba.

A mako na uku kwamiti ya bukaci jerin sunayen masu gudummawa, shafi huɗu, kuma liman yana son kan jadawalin ya fito a saman kowane shafi. Wannan ban taɓa nuna masa ba. Ina can ina haɗa wa wata ɗaliba furojet na ji muryar tana fita daga laftof ɗinsa a hankali. Ya danna F1, ya rubuta repeat header row, ya bi kanun da H, ya saurara, ya danna F6 ya koma jadawalinsa, ya sake dawowa ya saurari sauran. Can sai ya ɗago ya ce, "Ɗana, sa takarda a firinta, kwafi uku, ɗaya na liman ne."